Maki Huɗu: Darasi Daga Gidan Willy Loman



An nemi mu ɗan yi tsokaci a kan adabi a wannan zama, sai muka zaɓi wani wasan kwaikwayo na ban tausayi daga ƙasar Amurka, mai suna Death of a Salesman, wato Mutuwar Mai Tallar Kaya. Dalilin zaɓinmu shi ne, a tsakiyar wasan akwai jarrabawar lissafi, akwai yaron da ya faɗi, akwai kuma malamin da aka roƙa ya ƙara maki huɗu ya ƙi. Wannan malami ko sau ɗaya bai fito a kan dandali ba, sunansa kawai ake ji. Amma duk wanda ya taɓa riƙe jan biro zai so ya san abin da ya kai wani gida ga rushewa, da kuma rabon da maki huɗun nan suke da shi a ciki.

Marubucin wasan shi ne Arthur Miller, wanda aka haifa a birnin New York a 1915, ya mutu a 2005. Mahaifinsa yana da masana'antar ɗinka tufafin mata, yana cikin wadata, har karayar tattalin arzikin da ta faro a 1929 ta cinye kusan duk abin da ya mallaka, iyalin suka koma zama a unguwar Brooklyn. Ke nan tun Miller yana matashi ya ga yadda magidanci yake komawa idan abin hannunsa ya ƙare. An fara nuna wasan a New York ranar 10 ga Fabrairu, 1949, aka yi ta nuna shi har sau 742 a wannan zango na farko, ya kuma sami lambar yabo ta Pulitzer a shekarar. A 1983 Miller da kansa ya je Beijing ya jagoranci shirya wasan da harshen Sinanci, mutanen can kuma suka gane Willy Loman kamar ɗan unguwarsu.

Kafin wannan lokaci, manyan wasannin ban tausayi sun fi karkata ga sarakuna da jarumawa, irin su Sarki Oedipus na Girkawa, ko Macbeth da Sarki Lear na Shakespeare. Ana ganin sai wanda yake bisa ne faɗuwarsa take da ƙara. Miller ya rubuta maƙala a jaridar New York Times a 1949 yana kare ra'ayin cewa talaka ma yana da darajar da zai iya sayar da ransa a kanta, don haka labarin faɗuwarsa ya isa a zauna a kalla. Willy Loman shi ne hujjarsa.

Willy dattijo ne ɗan shekara 63, wakilin wani kamfani ne da yake yawo gari gari a mota da akwatunan samfurin kaya yana neman masu saye. Ya shafe fiye da shekara 30 yana wannan aiki, har wasan ya ƙare kuma ba a gaya mana abin da yake sayarwa ba. Yana da mata, Linda, da 'ya'ya maza biyu: Biff mai shekara 34, da Happy mai shekara 32. Wasan ya buɗe da dare, Willy ya dawo gida ba tare da ya isa inda ya nufa ba, domin hankalinsa yana ta gushewa a bisa hanya, motar tana kauce masa. Kamfani ya yanke masa albashi, sai la'adar abin da ya sayar kawai, ga shi kuma ba ya sayar da komai. Kowane mako yana zuwa wurin maƙwabcinsa Charley ya ranci dala 50, ya kawo wa Linda a matsayin abin da ya samo. Linda ta sani, ta yi shiru.

Duk abin da ya faru a wasan, in ban da jana'izar ƙarshe, bai wuce kwana ɗaya da dare biyu ba. Sai dai Miller ya shigar da mu cikin kan Willy, inda jiya da yau suka cakuɗe. Yana tsaye a ɗakin girki sai ya koma shekarun baya, yana magana da 'ya'yansa suna samari, ko da yayansa Ben wanda ya riga ya mutu. Ta wannan hanya muke ganin yadda aka dasa abin da ake girba a yau.

Willy yana da aƙida ɗaya da ya gina rayuwarsa a kai: idan mutum yana da kyan sura da farin jini, ƙofofi za su buɗe masa, ko ya iya ko bai iya ba. Ya samo ta ne daga wani tsohon mai talla da ya gani tun yana saurayi, wanda yana da shekara 84 yana zaune a ɗakin otal yana ciniki ta wayar tarho, da ya mutu kuma ɗaruruwan mutane suka halarci jana'izarsa. Ga kuma Ben, wanda ya shiga dajin Afirka yana ɗan shekara 17, ya fito yana ɗan 21 da arzikin lu'ulu'u. Mahaifinsu, mai sassaƙa sarewa yana sayarwa, ya bar gida tun Willy yana ƙarami ƙwarai, don haka Willy ya tashi ba wanda ya zaunar da shi ya gaya masa ko shi wane ne. Abin takaici, yana da baiwa ta gaske a hannunsa. Shi ya gyara rufin ɗakin gidansa, shi ya gina dakalin ƙofar gida, ya iya siminti, ya iya katako. Amma yana ganin wannan aiki bai kai a kira shi sana'a ba. Ya bar abin da ya iya, ya bi abin da yake sha'awa.

Da burin bai cika a kansa ba, sai ya sauke shi a kan ɗansa na fari. Biff a makarantar sakandare tauraro ne a wasan ƙwallo irin na Amurka, jami'o'i uku suna zawarcinsa da tallafin karatu. Mu dubi irin tarbiyyar da ya samu. Ya ɗauko ƙwallo daga ɗakin ajiyar makaranta ba da izini ba, uban ya yi dariya, ya ce kocin ma zai yaba masa da himma. Ana gini a kusa da su, uban da bakinsa ya aiki yaran su ɗebo yashi, yana kuma alfahari da katakon da suka kwaso a da. Ɗan maƙwabci, Bernard, yaro mai tabarau da son karatu, yana ta zuwa yana gargaɗi cewa malamin lissafi ya ce zai kayar da Biff idan bai yi karatu ba. Willy ya mayar da shi abin ba'a, ya gaya wa 'ya'yansa cewa maki na makaranta ne, a kasuwar duniya za su wuce Bernard nesa ba kusa ba. Da abin ya matso, shawarar da ya bayar ita ce Bernard ya riƙa ba Biff amsa a ɗakin jarrabawa.

Sakamako ya fito, Biff ya sami maki 61 a lissafi, saura huɗu ya haye. Malamin, Mista Birnbaum, ya ƙi ƙarawa. A nan ya kamata mu lura da kyau, domin ƙofa ba ta rufe ba. Akwai darasin da ake yi a lokacin dogon hutu, wanda ya faɗi zai iya shiga ya gyara, ya wuce jami'a. Biff bai tafi wurin rajista ba, sai ya hau jirgin ƙasa zuwa Boston inda uban yake aiki, da yaƙinin cewa idan babansa ya yi wa malam magana, da irin bakinsa, za a canja maki. Ya shiga ɗakin otal, ya ba uban labari, har ya kwaikwayi yadda malamin yake magana da tsamin baki, abin da ya yi a gaban aji, uban yana ta dariya. Sai aka ji wata dariyar daga banɗaki. Wata mata ta fito. A gaban idon yaron Willy ya miƙa mata sababbin safa na mata, alhali a gida Linda tana zaune tana ɗinke tsofaffin nata.

Daga wannan rana komai ya tsaya. Biff ya kira ubansa maƙaryaci, ya koma gida ya ƙone takalman wasansa da ya rubuta sunan jami'ar Virginia a jikinsu, ya ƙi shiga darasin hutu. Ya shafe shekaru yana yawo daga wannan aiki zuwa wancan, yana kiwon dabbobi a gonakin yammacin ƙasar, yana ɗauke-ɗauke a duk inda ya je, har ya yi wata uku a kurkuku saboda satar kwat a birnin Kansas. Bai taɓa gaya wa mahaifiyarsa abin da ya gani ba. Willy ma bai taɓa furtawa ba. Mutum biyu suna ɗauke da sirri ɗaya, ko wane yana kallon ɗan uwansa yana tunawa. Shi ya sa ba sa iya zama a ɗaki guda na minti goma ba su yi faɗa ba, shi ya sa kuma duk lokacin da Willy ya ga Linda tana ɗinkin safa sai ya daka mata tsawa ta ajiye. Laifin da ba a amsa shi ba ba ya kwanciya, sauya kama yake yi ya dawo a matsayin fushi. Willy ya gwammace ya ce ɗansa ya lalata rayuwarsa ne don ya ƙuntata masa, da ya yarda cewa shi ne ya karya yaron.

Washegari a wasan, uba da ɗa kowa ya fita neman sa'a ta ƙarshe. Willy ya je wurin Howard, ɗan tsohon mai kamfanin wanda ya gaji kujerar ubansa, yana roƙon a ba shi aiki a cikin gari don ya huta da tuƙi. Ya nemi dala 65 a mako, ya sauko 50, ya sauko 40. Howard hankalinsa yana kan sabuwar na'urar naɗar murya da ya saya, yana kunna wa dattijon muryar 'ya'yansa. Willy ya tuna masa alkawuran da mahaifinsa ya yi, amma alkawuran baka ne, wanda ya yi su kuma yana kabari. A ƙarshe aka sallame shi gaba ɗaya. Mu da muke cikin ƙungiya mun san dalilin da ya sa magabatanmu suka dage a kan a rubuta sharuɗɗan aiki da haƙƙin ritaya a takarda. Willy ba shi da takarda, ba shi da ƙungiya, ya dogara ga farin jini, ranar da ya buƙace shi kuma bai same shi ba.

Daga nan ya wuce ofishin Charley don karɓar rance. Wa zai tarar? Bernard, yanzu lauya ne, yana shirin tafiya Washington don gabatar da ƙara a gaban Kotun Ƙoli ta Amurka, bai ma ambata da bakinsa ba sai da ubansa ya faɗa. Bernard ya tambayi Willy cikin ladabi abin da ya faru a Boston a shekarar nan, Willy ya harzuƙa. Charley ya sake yi masa tayin aiki da albashi, kamar yadda ya sha yi, Willy ya ƙi, amma ya karɓi rance. Hausawa suka ce girman kai rawanin tsiya. Zai iya cin bashin maƙwabcinsa kowane mako, ba zai iya zama ma'aikacinsa ba, domin yin haka amincewa ce cewa hanyar Charley ce ta ɓulle.

Shi kuwa Biff ya je wurin wani tsohon maigidansa, Bill Oliver, neman jari. Ya yi awa shida yana jira, mutumin ya fito bai ma gane shi ba. A nan Biff ya tuna cewa bai taɓa zama wakilin talla a wurin ba, ƙaramin ma'aikacin ɗaure kaya ne, a gida ne aka yi ta hura labarin har shi ma ya yarda. Ya ɗauke alƙalamin mutumin daga kan tebur ya gudu. Yana cikin saukowa daga bene da alƙalamin a hannu, sai ya tsaya ya tambayi kansa me yake yi da abin da ba ya so, alhali abin da yake so, aikin hannu a fili ƙarƙashin sararin sama, yana can yana jiransa. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A wannan gida abin ya juya, ɗan ne ya hango.

Da dare Willy ya sayo irin kayan lambu, ya fita bayan gida da tocila yana shuka a wurin da dogayen benaye suka tare wa rana. Yana so ya bar wani abu a ƙasa. Biff ya shigo da shi ɗaki, ya ajiye a kan tebur wani guntun tiyo da uban ya ɓoye kusa da bututun gas, wanda Linda ta daɗe da ganowa tana tsoron yi masa magana. Ya gaya masa cewa a gidan nan ba a taɓa faɗin gaskiya ba, cewa shi ba kowa ba ne, uban ma ba kowa ba ne, ma'aikata ne irin dubbai, kuma zugar da aka yi ta yi masa ce ta hana shi iya zama a ƙarƙashin kowa. Ya roƙe shi ya ƙone wannan mafarki kafin wani abu ya faru, sannan ya faɗa jikinsa yana kuka. Willy ya cika da mamaki, domin sai a lokacin ya gane ɗansa yana ƙaunarsa. Amma ko wannan ƙauna da ma'aunin kasuwa ya auna ta. Yana da inshorar rai ta dala 20,000, sai ya ga cewa da wannan kuɗi Biff zai zama babban mutumin da aka daɗe ana jira. Ya shiga mota cikin dare, bai dawo ba.

A jana'izar ba kowa sai iyalinsa da Charley da Bernard. Linda tana tambayar ina mutanen da ya sani. A ranar ce ta biya kashi na ƙarshe na bashin gidan da suka shafe shekara 25 suna biya, gida ya zama nasu, mai gidan ba ya nan. Biff ya ce burin ubansa tun asali ba nasa ba ne, bai san kansa ba. Charley ya kare shi, ya ce mai talla ba shi da jari sai murmushi da fata, kada kowa ya zarge shi. Happy kuwa, wanda ya tashi a inuwar yayansa ba wanda yake kula shi, wanda a daren mutuwar ubansa ya bar shi a gidan abinci ya bi 'yan mata, shi ne ya rantse zai ci gaba da wannan buri har ya cika shi. Cutar ta sami sabon jiki.

'Yan uwa, mu koma kan malamin lissafi. A duk tsawon ƙuruciyar Biff, mutum ɗaya ne babba da ya auna shi da mudun gaskiya, shi ne wanda ya rubuta 61. Da ya ƙara huɗun nan, da Biff ya shiga jami'a da darasin da ya riga ya haddace a gida, cewa doka ta wasu ce, shi ana yi masa alfarma. Maki huɗu ba su rushe gidan Loman ba, hanyar gyara su tana nan a buɗe. Abin da ya rushe shi shi ne an gina yaro gaba ɗaya a kan ginshiƙi guda, wato girman ubansa, ranar da ginshiƙin ya tsage kuma ba abin da ya rage masa ya tsaya a kai. Bai iya lissafi ba, bai iya karɓar gyara ba, bai san faɗuwa ana tashi daga gare ta ba.

Mu malaman firamare mu ne muke fara ganin irin wannan tun yana ɗanye. Mun san uban da zai zo ƙarshen zango, tambayarsa ɗaya ce, na nawa yaron ya zo, ba ya tambayar ko ya iya karanta abin da ke cikin katin. Mun san yaron da ya ɗauki fensirin wani, aka kira iyaye, suka ce ai wayo ne. Mun san wanda yake zuwa da fara'a da 'yar tsaraba yana neman a duba masa. Idan muka tsaya a kan makin da yaro ya samu, muna iya rasa gaisuwar wani na ɗan lokaci. Sai dai nauyinmu bai ƙare a rubuta 61 ba. Wasan bai nuna mana wani babba da ya bi Biff ya ja shi zuwa darasin hutu ba, Bernard yaro ɗan uwansa ne kaɗai ya damu. Wanda ya kayar da ɗalibi da gaskiya, ya kamata ya zama na farko da zai nuna masa ƙofar gyara, ya kuma tambaya idan ya ga bai zo ba.

Mu kuma iyaye ne, a nan maganar ta fi nauyi. Da yawa daga cikinmu akwai abin da muka so zama bai yiwu ba, wani likita, wani lauya, wani soja. Ba laifi ba ne mu so 'ya'yanmu su wuce mu. Haɗarin yana wurin da muka mayar da yaro wurin biyan bashin da rayuwa ta ci mana, har muka daina ganin abin da shi yake da shi. Yaron da hannunsa ya faɗa a kan gyaran inji, ko noma, ko ɗinki, idan kullum yana karanta a fuskarmu cewa ya ba mu kunya, za mu rasa makaniken kirki, ba kuma za mu sami likitan ba. Haka nan mu tuna da Happy, ɗan da ba a yi masa faɗa ba, ba a kuma yabe shi ba. Kusan kowane gida da kowane aji akwai irinsa.

Iyayenmu mata da ke wannan zaure, Linda ma abin dubawa ce. Ba a ga mai haƙuri da riƙon amana kamarta ba a wasan, ita ce kuma ta tsaya ta gaya wa 'ya'yanta cewa ubansu ɗan Adam ne da yake cikin masifa, dole a kula da shi. Amma ta san da rancen, ta san da tiyon, kullum tana ɗauke shi ta sake mayarwa don kada ta kunyata mijinta. Rufin asiri abu ne mai daraja a wurinmu, sai dai akwai ranar da yake komawa rufe ciwo har ya ruɓe. Idan muka ga wani namu, miji ko mata ko abokin aiki, ya fara maganar cewa mutuwarsa ta fi rayuwarsa amfani, wannan ba lokacin kara ba ne. A zauna da shi, a sanar da wanda yake jin maganarsa, a kai shi ga likita.

Ƙarya fure take yi, ba ta 'ya'ya. Willy Loman ba mugu ba ne, yana son iyalinsa, ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare. Ya kasa abu ɗaya ne, ya kalli ɗansa ya ce na yi kuskure, ya kuma bar shi ya zama abin da yake. Muna roƙon duk wanda ya sami littafin wasan ya karanta, wanda ya sami fim ɗinsa na 1985, wanda Dustin Hoffman ya fito a matsayin Willy, ya kalla. Idan kuma sakamakon zangon nan ya fito, mu zauna da yaranmu na gida da na aji, mu gaya musu inda suke da gaske, mu nuna musu hanyar gyara, su kuma tabbata cewa matsayinsu a wurinmu bai dogara ga lambar da ke cikin kati ba.

 Allah ya shirya mana zuriya, ya sa mu gama aiki lafiya.